Tsagar Iyatu

Ranar da Kawu Dalhatu ya yi maganar kyamararsa, Misbahu yana zaune a bakin tabarma kusa da takalma, Faruku kuwa ya miƙe ƙafafu a tsakiya yana ɓarar gyaɗar da aka ajiye wa baƙi. Haka zamansu yake tun suna yara. Mahaifiyar Misbahu da mahaifin Faruku ƙannen Dalhatu ne, ciki ɗaya, saboda haka samarin biyu taubasai ne. Duk abin da Faruku ya faɗa wasa ne, kuma dole Misbahu ya yi dariya ko da maganar ta taɓa shi har ƙashi.

Dalhatu tsohon mai ɗaukar hoto ne a Shinkafi. A zamaninsa babu ango ko maniyyaci da zai bar garin bai tsaya gaban labulensa ba. Wayoyi suka zo suka kashe sana'ar, yanar ido kuma ta zo ta kama mai ita. Kayan wankin hotonsa, da gwangwani da faranta da na'urar buga hoto a takarda, tuni ya ba Misbahu aronsu ya tafi da su Kaura Namoda. Abu ɗaya ya riƙe, wato kyamararsa mai ido biyu, baƙa, mai nauyi, wadda ake leƙawa ta sama kamar rijiya. Ita Misbahu yake mafarki tun bai san sunanta ba.

Tsohon ya ɗora ta a cinya yana shafa ta, ya ce, "Idanuna sun kusa rufewa, kuma ina son in ga Inna kahin nan. Hanyar Zurmi ba ta biyuwa gare ni, ita ko ba ta iya zaman mota. An nuna min ita ga waya, ban ga kowa ba sai wata baƙuwa." Ya laluba aljihu ya fiddo fim biyu a naɗe cikin leda. "Baƙi da fari ne, su kaɗai sunka rage. Kowa ya ɗauki guda. Ku tahi ku ɗauko min ita. Wanda hotonshi ya nuna min uwata, kyamara tashi ce."

Faruku ya kwashe da dariya. "Baba, ai da ka miƙo min ita yanzu, ka hutasshe da wanga bawa nawa. Kahin ya gama aune-aune tsohuwa ta yi barci."

"Wa ab bawan wani?" in ji Misbahu, yana murmushin da ya saba yi. Amma a ransa wani abu ya tsaya kamar ƙaya. Shi ne ya shekara yana koyon wanki a shagon zaurensu, ya toshe taga da barguna, zufa na zuba masa a ido. Shi ne ya ɓata fim bayan fim yana ɗaukar tsoffin layukan dogo da bakin kogin Gagare har hannunsa ya faɗa. Faruku bai taɓa sanin warin magani ba. Kayan waya yake sayarwa a Zurmi, in ya ga dama ya ari ƙaramar kyamarar Misbahu ya ƙyasta sau biyu uku ya dawo da ita. Sai dai abin da ke ci wa Misbahu rai shi ne, waɗannan biyu ukun su mutane ke tsayawa kallo.

Suka tafi Zurmi da hantsi, lokacin da motoci ke tafiya a jere. Kakarsu Iyatu tana zaune a gidan mahaifin Faruku tun da zaman Gurbin Bore ya gagara. Ta tsufa ƙwarai, fuskarta duk ta tattare, har tsagar gidan ubanta, wadda ta taso daga gefen baki ta nufi kunne, ta shige cikin tamoji, sai mai lura yake bambanta su. Babu sauran mai irin wannan tsaga a dangi sai ita.

Misbahu ne ya fara. Ya sa aka fiddo kujera inuwar bango inda haske yake a kwance, ya gyara mata lulluɓi, ya auna, ya sake aunawa, ya matsa baya, ya dawo.

"Kai maigida," in ji Iyatu, "hoto za ka yi ko awon likkafani?"

"Ki yi haƙuri, Iya. Ki ɗan ɗaga haɓa. Kada ki motsa."

Ta ɗaga, ta daskare kamar mai jiran allura. Ya ɗauke ta har fim ɗinsa ya ƙare, kowane ɗauka a tsanake, babu wanda ya karkace.

Da aka zo kan Faruku, tsohuwa ta riga ta gaji ta koma ɗakinta, ta zauna bakin ƙofa daga ciki tana tsintar wake a faifai. Faruku bai ce ta fito ba. Ya tsugunna a gabanta da ƙaramar kyamarar Misbahu a gwiwa.

"Amarya, an ce kin yi sabon bazawari ga masu sayar da goro."

"Ka ci gidanku."

"Ai gidanmu gidanki na. To ni na sake ki, tunda ba ki iya tuwo."

Iyatu ta juyo da kunci za ta ɗaga masa daƙuwa, dariya ta ƙwace mata. Hasken ƙofa ya zo ta gefe ya kwanta a fuskarta, bayanta duk duhu. Misbahu, da ke tsaye a tsakar gida, ya ji ƙarar kyamara, ƙyas. Bai leƙa ba, amma ya san abin da ya shiga cikin akwatin nan. Ya kuma san cewa shi ko zai kwana yana gyara lulluɓi ba zai samu irinsa ba.

Da za su rabu a tasha, Faruku ya jefa masa fim ɗinsa kamar mai jefa goro. "Ga aiki nan, bawana. Ka wanke min da kyau, in na ci kyamara in riƙa ba ka aro ranar Juma'a."

Misbahu ya cafe ya sa a aljihun gaba, nasa kuma a na gefe, don kada su haɗu.

A shagon zaure yana da maganin wanki iri biyu, waɗanda aka sako masa a mota daga Legas. Na farko gari ne a fakiti, ana narkar da shi a ruwan ɗumi a bar shi ya kwana. Shi mai tausayi ne. Yana lallashin fim, ya narkar da ƙwayoyinsa su yi laushi, fata ta fito sumul kamar an shafa mata mai, inuwa da haske su shiga juna a hankali. Na biyu ruwa ne mai kauri a ƙaramar kwalba, kalar shayin da ya daɗe a wuta, ɗigo kaɗan ake zubawa a ruwa mai yawa. Shi ba ya rufa wa kowa asiri. Duk layin da ya samu sai ya kaifafa bakinsa, ƙwayoyin fim kuma su fito ɓaro-ɓaro kamar tsaki. Misbahu yana amfani da shi ne a kan ƙarfe da bango da busasshen icce. Bai taɓa zuba shi a kan fuskar mutum ba, balle ta mace, balle wadda aka ɗauka a ɗaki mai duhu.

Ya ajiye fim biyun a kan tebur ya zauna yana kallonsu. Shaiɗan ya fara da babbar shawara: ya ɗan ɗaga murfin gwangwani haske ya shiga, ko ya bar ruwan ya yi zafi, shi ke nan. Misbahu ya yi a'uzubillahi. Shi ba maci amana ba ne. Ban da haka ma, kowa ya san bai taɓa ƙona fim ba tun da hannunsa ya faɗa, kuma wannan suna shi ne kaɗai abin da ya fi Faruku da shi.

Sai ƙaramar shawara ta biyo baya, a hankali, da kamala irin ta mai wa'azi. Ai maganin kwalba ma magani ne. Masana da yawa shi suka fi so. Faruku bai ce ga wanda yake so ba, cewa ya yi a wanke da kyau, kuma za a wanke da kyau. In hoton ya fito da kaushi, ai wanda ya zaɓi ɗaki mai duhu shi ya jawo. In wani ya tambaya, akwai amsa. Misbahu ya juya maganar ta kowace fuska, kamar yadda yake juya kwalba ya duba ko ta tsage, bai ga inda za a kama shi ba. Abin da bai yarda ya duba ba shi ne dalilin da ya sa bai zaɓar wa kansa wannan maganin ba.

Washegari da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, ya je randar mahaifiyarsa ya ɗebi ruwa.

"Yau ma ruwan shanmu za ka ba hotuna?" in ji mahaifiyar tasa, Zubaida, daga bakin murhu.

"Na famfo ya yi zafi, Inna. Fim ba ya son zafi."

"Mu muna so, ko? Allah ya shirya. Ka dai fito min da uwata da kyau."

Ya ƙara ƙanƙara kaɗan, ya tsoma ma'aunin zafi har ya tsaya inda ake so. Ya rufe shago, ya toshe ƙasan ƙofa, ya naɗa fim ɗinsa a cikin duhu da yatsun da suka san hanya. Ya zuba masa maganin gari, ya juya gwangwanin a hankali kamar mai rarrashin jariri, ya zubar, ya sa maganin da ke tsayar da wankin, ya ɗauraye. Sa'annan ya zo kan na Faruku. Ya buɗe ƙaramar kwalba, garin awo ɗigo ɗaya ya faɗi a tebur. Ya goge, ya sake aunawa. Ko a nan bai iya yin ha'inci a awo ba. Ya ba shi sanyin da ya ba nasa, ya ba shi lokacinsa cif, ya ɗauraye shi har ya fi nasa ɗaurayuwa, kamar hakan zai wanke wani abu.

Da suka bushe ya buga mafi kyau daga kowanne a babbar takarda, ƙarƙashin jar fitila. Nasa ya fara tasowa a faranti, zuciyarsa ta yi sanyi. Iyatu ce zaune da mutunci, lulluɓi a daidaice, fuska a lallashe, tamojin nan duk sun kwanta, kai ka ce shekaru aka rage mata. Ko a bangon gidan gwamnati aka rataya shi ba zai ba da kunya ba. Na Faruku kuwa ya taso kamar gonar da aka yi wa huɗa. Kowane tamoji ya zama kunya, kowace kunya da inuwarta, bakin nan a buɗe da sauran haƙora biyu uku da goro ya rina, bayan kuma baƙi ƙirin mai tsaki-tsaki. Tsagar kuncinta ta fito layi-layi, tsaf, kamar jiya wanzami ya ɗaga aska.

Misbahu ya daɗe yana dubansa. Dariyar tana nan, maganin bai kashe ta ba, wannan kuwa ya ɓata masa rai. Amma ya gaya wa kansa cewa babu ɗan da zai so a nuna masa uwarsa a haka. Ya shanya su a igiya. Da la'asar ya tarar da Zubaida tsaye a ƙofar shago, ta ƙura wa igiyar ido, hannunta a kan kuncinta. Bai tambaye ta wanne take kallo ba. Ya sauke su da sauri ya sa a ambulan.

Ranar kasuwar Shinkafi suka haɗu a gidan Kawu. Faruku ya zo a kan babur, ƙura har gira, ya karɓi nasa ya duba, ya yi fito.

"Kai! Bawana, mi ka yi wa amaryata? Ka maishe ta bayan kada!"

"Yadda ka ɗauka haka ya fito," in ji Misbahu, idonsa a ƙasa.

Aka fitar wa Dalhatu da kujera tsakar gida inda rana take. Misbahu ya miƙa nasa da hannu biyu. Tsohon ya kai shi kusa da hanci, ya nisanta, ya karkata shi, ya sake matsowa da shi.

"Aiki ya yi tsabta," ya ce. "Babu tabo ko ɗaya. Hannunka ya hi nawa, Misbahu." Ya sake dubawa. "Lulluɓi nika gani, da wani haske a tsakiya. Ita ce nan?"

"Ita ce, Kawu."

"To. Allah ya yi albarka."

Ya ajiye shi a cinya, ya karɓi na Faruku da hannu ɗaya. Bai kai shi ko kusa da fuska ba sai hannun ya tsaya. Ya ɗora ɗan yatsa a kan takardar, ya bi layin farko daga gefen baki zuwa kunne, ya dawo ya bi na biyu.

"Inna," ya ce.

Can waje ana ta hayaniyar masu kora awaki kasuwa.

"Ina yaro, in ta goya ni, ta nan nika leƙo ta. Kuncinta nika gani, ba gabanta ba. In ta yi dariya sai tsagar ta tattaru wuri guda, kamar haka." Ya share ido da bakin rawani. "Waya ta shafe mata ita. Na ɗauka tsufa ne ya cinye. Ashe tana nan."

Faruku, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Can ya ce, "Baba, ni ƙyastawa kawai na yi. Wanga ne ya wanke."

Dalhatu ya juyo da fararen idanunsa wajen da yake jin numfashin Misbahu. Ya shafa hoton farko, ya shafa na biyu, kamar takarda za ta gaya wa yatsa abin da ido ya kasa.

"Ba magani guda ka sa musu ba."

"A'a, Kawu."

"Naka na gari, nashi na kwalba."

"Haka ne."

"Da gangan ka zaɓa mishi shi?"

Duk amsoshin da Misbahu ya tanada a shago suka watse. Bai iya ƙarya ba, musamman ga wannan tsoho.

"Da gangan, Kawu."

Dalhatu ya jinjina kai a hankali, fuskarsa ta saki. "Kun ji ɗan halak. Ya san idon kawunshi ba ya ganin abu mai laushi, ya san sai mai kaihi, ya ɗauka ya ba ɗan'uwanshi, shi ya haƙura. Faruku, ka ji abin da anka yi maka? Kai da za ka iya?"

"Wallahi ba ni iyawa, Baba," in ji Faruku, ya dafa kafaɗar Misbahu ya girgiza ta, kuma a karon farko babu wasa a muryarsa. "Na gode, ɗan Inna."

Misbahu ya buɗe baki. Gaskiyar tana nan a kan harshensa, amma ya ga tsohon ya koma kan hoton yana bin layukan da yatsa, yana motsa leɓe. Ya rufe bakinsa. Da zagi aka yi masa da ya fi masa sauƙin haɗiya.

Aka kawo kyamara. Dalhatu ya rataya wa Faruku ita a wuya da hannunsa, ya ce alkawari kaya ne. Sa'annan ya ce kayan wanki da ke Kaura sun tashi daga aro, sun zama na Misbahu halak malak. "Shi ido, kai hannu. Duk abin da ya ɗauko, kai za ka wanke. Kada in ji ya kai ma wani."

"To, Kawu," in ji Misbahu.

Hoton Misbahu, mai tsabta, wanda babu tabo ko ɗaya, matar Kawu ta karɓa ta ce za ta sa a gilashi don baƙi. Na Faruku kuwa tsohon bai bari an taɓa ba, ya tura shi cikin riga a kan ƙirjinsa.

A bakin tasha, kafin motar Kaura ta cika, Faruku ya tsaya da babur a gefenta, kyamara na lilo a ƙirjinsa, mutane na juyowa suna kallonta. Ya leƙa ta sama, ya saita ta a kan wani mai sayar da rake, ya ƙyasta duk da babu fim a ciki, ya yi dariya. Misbahu ya bi madaurin fatar da ido, inda gumin Kawu ya baƙanta shi, inda shi ya sha gwada wuyansa a mafarki.

"Bawana, ka sa a aiko muna da fim daga Legas, da yawa. Sati mai zuwa akwai suna Galadi." Ya tada babur, ya ɗaga murya saman ƙararsa. "Kuma wanga na kwalba dai! Kada ka canza min shi!"

Misbahu ya gyaɗa kai ta tagar mota, ya yi murmushin da ya saba yi. Kwalbar tana can a kan tebur, ɗigo kaɗan aka taɓa a cikinta, kuma an ce irinta ba ta lalacewa ko ta shekara nawa.